Tsohon Ƙarfe da Sabon Yayi: Nasiha ga Samari Masu Son Motar Gudu

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin samari masu son mota. A gareji ake jin ta, a majalisa, har a wajen ɗaurin aure kafin liman ya iso: wai motar da ƙarfe ce, ta yanzu kuwa gwangwani. Mai faɗa sai ya ƙwanƙwasa jikin tsohuwar Mercedes ya ce a saurara, sannan ya danna ƙofar sabuwar mota da babban yatsa ya nuna yadda take loɓawa. Yawancin masu wannan magana ba a ma haife su ba lokacin da aka ƙera motocin da suke yabo. Can gefe kuma ga wasu da mota ba ta cika musu ido sai in akwai allo kamar talabijin a gabanta, kuma an ce musu tana da ƙarfin dawaki 500. Ƙannena, ni ma mai son mota ne, ba kuwa zan ce ku daina ba, don na san ba za ku ji ba. Abin da nake so shi ne ku san abin da kuke so ɗin, tun kafin ya ci muku kuɗi, ko ya ci abin da ya fi kuɗi.

Mu ɗauki Golf, tunda ba baƙuwa ba ce a wajenmu. 'Yan gidansu ne suka cika tashoshi, ana cusa musu fasinja da buhuna daga Kano zuwa Katsina. A 1976 kamfanin Volkswagen na Jamus ya fara sayar da Golf GTI ta farko. Injinta lita 1.6 ne, ƙarfin dawaki 110, nauyinta kilo 810. Daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 a awa takan ci daƙiƙa 9, iyakar gudunta kuma 182. Kamfanin ya yi lissafin ƙera 5,000 kacal, sai ga shi ya sayar da sama da 450,000. GTI ta takwas da ta fito a 2020 tana da dawaki 245, tana kai 100 cikin daƙiƙa 6 da 'yan kai, kwamfuta ce ma ke riƙe ta a 250. Amma ta ƙara tsawon sama da rabin mita, nauyinta kuma ya haura kilo 1,400.

Haka labarin yake a gidan BMW. M3 ta farko, ta 1986, silinda 4 gare ta, dawaki 200, nauyi kimanin kilo 1,200. Ba don kasuwa ma aka yi ta ba tun asali. Dokar tsere ce ta ce sai kamfani ya ƙera 5,000 na kan titi kafin a bar shi ya shiga gasa da ita. M3 Competition ta 2021 dawakinta 510, ba ta cika daƙiƙa 4 ba take kai 100, nauyinta ya wuce kilo 1,700. Yayarta M5 da ta fito a 2024, mai haɗa fetur da lantarki, dawaki 727 gare ta, nauyinta kuwa ya doshi tan biyu da rabi. M3 ta farko biyu ke nan a kan sikeli.

To, a maganar gudu babu gardama, sabuwa ta yi wa tsohuwa fintinkau. Me ya sa har yanzu masana mota suke kewar tsohuwar?

Rashin nauyi ne da rashin shamaki. Mota mai kilo 800 ba ta buƙatar ƙaton birki ko faffaɗar taya. Da ka karkata sitiyari ta bi, da ka ɗaga ƙafa ta lafa. Tsakanin ƙafarka da injin waya ce ta ƙarfe, in ka taka totur ita ce ke jan maƙogwaron injin kai tsaye. Sitiyarin kuma duk abin da tayar gaba ta taka sai ya kawo maka shi a tafin hannu, tsakuwa ce, yashi ne, ko tayar ta fara sakin kwalta. Ginshiƙan da ke riƙe da rufinta sirara ne, gilashi ya kewaye ka, kana ganin kusurwoyinta huɗu ba tare da kyamara ba. A sabuwar mota kuwa, in ka taka totur saƙo ka aika wa kwamfuta, ita za ta duba ta yanke abin da za a ba ka. Sitiyari na lantarki ne, mai taushi, ya tace kusan komai. An toshe ɗakin direba da abin hana ƙara har ta kai ba a jin injin, shi ya sa tun 2011 BMW ta fara sako ƙarar injin M5 ta cikin lasifikokin rediyo. Golf GTI ma an maƙala mata wata 'yar na'ura a gindin gilashin gaba mai ƙara wa injin gurnani. Wani kukan da ke burge ku a bidiyo, na aro ne.

Har a siffa ma tsofaffin sun fi bambanta da juna. Golf ta farko Giorgetto Giugiaro ne ya zana ta, Lamborghini Countach ta 1974 kuma Marcello Gandini, kuma daga nesa yaro zai faɗi sunan kowacce. Masu zane na yanzu ba basira suka rasa ba, hannunsu ne a ɗaure. Iska tana da irin siffar da take so, dokar kare mai tafiya a ƙafa ta sa an ɗaga hancin mota an tausasa shi, dokar kifewa ta sa an kaurara ginshiƙai. Fitilun nan masu ɗagowa daga cikin bonet, waɗanda suka yi tashe a shekarun 1980, tun 2004 aka daina ƙera su. Wasu sauye-sauyen kuwa yayi ne kawai ba dole ba, kamar cusa duk maɓallai cikin allo, har mutum ya ɗauke ido daga titi don ya rage sanyin AC. Masu saye sun yi ta ƙorafi har Volkswagen ta mayar da maɓallan gaske a sitiyarin Golf a 2024. A nan ina bayan tsofaffi ba tare da wata-wata ba.

Amma kada daɗin labari ya sa a manta da wahalar zama da su. Countach ɗin da ake manna hotonta a bango, bayanta ba ya ganuwa. Masu ita sukan ɗaga ƙofa su zauna a bakinta suna waiwaye kafin su yi ribas. Ferrari F40 ta 1987, mota ta ƙarshe da Enzo Ferrari ya sa wa hannu kafin ya mutu a 1988, dawakinta 478, amma babu rediyo, babu kafet, igiya ake ja a buɗe ƙofa daga ciki. Sai da Honda ta fito da NSX a 1990 kafin manyan kamfanonin Turai su yarda cewa motar gudu ma za ta iya tashi kullum da safe, ta yi sanyi a ciki, kulochinta bai karya ƙafa ba.

Yanzu mu koma kan maganar gwangwani, don nan ne kuskuren yake, kuma kuskure ne da ake biya da jini.

Kun taɓa kallon magini a kan katanga ana jefo masa tubali? Ba ya sandare hannu. Yakan karɓa ya bi tubalin da hannunsa kaɗan, ƙarfin jifar ya mutu a hankali. In ya sandare, wuyan hannunsa ne zai ji a jikinsa. Wannan shi ne abin da wani injiniyan Mercedes mai suna Béla Barényi ya gano tun farkon shekarun 1950, aka fara aiki da shi sosai a 1959: a bar gaban mota da bayanta su murƙushe, a ƙarfafa ɗakin da mutane ke zaune. Motar da ke gudu in ta tsaya nan take, ƙarfin gudun nan dole ya sauka a wani wuri. In ƙarfe bai sha shi ba, ƙirjinka da wuyanka za su sha. Loɓawar da kuke gani a fatar ƙofa ba ita ce ƙarfin mota ba. Ƙarfin yana ciki, a ƙasusuwan da ba a gani, waɗanda yanzu ake yi da ƙarfen da ya ninka na da tauri. Kilo 600 ɗin da Golf ta ƙara, kaso mai yawa a nan ya tafi, da jakunkunan iska, da sandunan cikin ƙofa.

An gwada a idon duniya. A 2009 cibiyar IIHS ta kamfanonin inshora a Amurka ta haɗa Chevrolet Bel Air ta 1959, ƙatuwar mota mai kaurin jiki, da Chevrolet Malibu ta 2009, suka yi karo gaba da gaba. Bel Air ta naɗe, sitiyari ya shigo kan mutum-mutumin da ke kujerar direba, ɗakin Malibu kuwa ya tsaya yadda yake. Kada ku ce ai 1959 ta yi nisa. A 2017 hukumar ANCAP ta Ostireliya ta yi irin wannan da motar da kowa ya sani a nan: Toyota Corolla ta 1998 da ta 2015, a gudun kilomita 64. Ta 2015 ta sami tauraro 5, ta 1998 ko ɗaya ba ta samu ba. Bidiyon duka biyun yana intanet, ku nema ku kalla, ya fi dogon bayanina.

Ban da karo, akwai kauce wa karon. Birkin ABS mai hana taya ƙamewa a 1978 ya fara shiga manyan Mercedes, jakar iska a 1981. A 1995 aka kawo ESP, wadda a ganina babu na'urar da ta kai ta amfani bayan bel. Aikinta shi ne ta riƙa kwatanta inda sitiyari ya nufa da inda motar take tafiya a zahiri. Da ta ga sun saɓa sai ta kama birkin taya ɗaya, ta rage wa injin ƙarfi, ta dawo da motar kan hanya kafin direba ya gama salati. Binciken IIHS ya nuna tana rage mummunan haɗarin da mota ke yi ita kaɗai da kusan rabi. Amurka ta wajabta ta daga motocin 2012, Turai daga Nuwamba 2014. Da yawan tsofaffin motocin gudu ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Porsche 911 Turbo ta 1975 injinta a baya yake, turbonta kuma sai ya yi luf sannan ya zo gaba ɗaya, sau da yawa a tsakiyar kwana, bayan motar ya wuce gabanta. Laƙabin da aka yi mata shi ne mai sa mata takaba. Tsohuwar mota ba ta ɓoye maka komai, gaskiya ne, amma in ka yi kuskure ba ta yafe maka.

Sabuwar kuwa nata laifin daban ne, kuma shi ya fi ba ni tsoro a kanku. Tana ɓoye gudu. A tsohuwar mota in ka kai 120, iska na kuka, sitiyari na rawa, jikinka da kansa zai ce maka ya isa. A sabuwar M3 ko Mercedes AMG kana 160 kana hira, sanyi na kaɗawa, kiɗa na tashi, sai ka duba maleji ka yi mamaki. Lissafi kuwa bai san sabuwa ko tsohuwa ba. A gudun 100 kana cin mita 28 a kowace daƙiƙa, a 160 mita 44. Daƙiƙa ɗaya da za ka yi kafin ƙafarka ta isa birki, ka riga ka shafe kusan rabin filin ƙwallo. Nisan da birki ke buƙata kuma ba tare da gudu yake hawa ba, gaba yake yi: in ka ninka gudu sau 2, nisan tsayawa ya ninku sau 4. Taurarin nan 5 da ake taƙama da su, a gudun da bai wuce 64 ba aka gwada karon gaba. Babu wanda ya yi maka alkawarin komai a 160.

Waɗannan motoci an yi su ne da titunan Jamus a rai, inda aka killace babbar hanya, babu mai tsallakawa a ƙafa, babu dabba, kuma ko a can shawarar hukuma ita ce 130. Namu titin kun san shi. Tirela ta lalace a tsakiyar hanya an zuba ganye a bayanta, garken shanu na tsallakawa da magariba, mai a-daidaita-sahu ya biyo hannun da ba nasa ba, ga rami da bai nan makon jiya. Dokar Nijeriya ta tsayar wa ƙaramar mota 100 a babbar hanya mai tagwayen layi, 50 a cikin gari. Ke nan daga cikin dawaki 510 da ka biya, waɗanda za ka taɓa amfani da su bisa doka ba su kai na Corolla ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan titi duk shekara, kuma haɗarin mota shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Ku ne ke nan.

In ana maganar motar da ta yi bajinta a irin ƙasarmu, ba Ferrari ba ce. Peugeot 504 ce, wadda wasunku ke rainawa suna ce mata motar tsofaffi. Ta fito a 1968, ta zama gwarzuwar motar Turai ta 1969, aka fara harhaɗa ta a Kakuri ta Kaduna a 1975, aka ci gaba har tsakiyar shekarun 2000, shekaru da yawa bayan Faransa ta daina. A 1975 ɗin ne Ove Andersson ya ci gasar Safari ta Kenya da ita, tseren dubban kilomitoci cikin ƙura da taɓo, ta kuma ci na Maroko da na Kwaddibuwa a shekarar. A 1978 samfurinta mai ƙofa 2 da silinda 6 ya sake cin Safari. Ba yawan dawaki ya ba ta nasara ba. Cikinta ya yi nisa da ƙasa, ƙafafunta na da tsawon lilo, ta shanye gargadar da ta karya waɗanda suka fi ta ƙarfi. Ku kwatanta da sabuwar motar gudu mai rim inci 19 ko 20 da taya siririya kamar an shafa ta. Rami ɗaya ya isa ya lanƙwasa rim ya kumbura gefen taya, da yawansu kuma ba sa zuwa da safaya. Tudun rage gudu da 'yan unguwa suka yi da siminti sai ka hau shi a karkace, kana jin cikin motar na kartar ƙasa, zuciyarka na kartuwa tare da shi.

Sai maganar gareji, inda duk soyayyar mota ke zuwa ta huce.

Ku je ku tsaya kan tsohon bakanike yana duba tsohuwar mota. Zai ɗora bakin doguwar sukundireba a jikin injin, ya kafa kunne a ƙotarta, ya ce maka ga inda ƙarar take. Zai kwance filogi ya duba bakinsa: in ruwan ƙasa ne lafiya lau, in baƙin hayaƙi ne mai ya yi yawa, in ya jiƙe da baƙin mai to ringi ya tafi. Da sifana da filaya zai sallame ka, abin da ya ɓace kuma a samo shi a Ƙofar Ruwa ko Panteka. Wannan ni'ima ce ta gaske, kuma saurayin da ya fara da irin wannan mota yakan san mota fiye da wanda ya fara da sabuwa. Ita sabuwar sai an jona mata kwamfuta a wani soket da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda Amurka ta wajabta tun 1996. Lambar da za ta nuna ba ita ce cutar ba, alama ce kawai. Gwani zai bi ta ya gano tushe, wanda ba gwani ba kuwa zai yi ta sa ka sayen sansa har aljihunka ya gaji. A BMW na zamani ko batir ka canza sai an sanar da ƙwaƙwalwar motar. Ga kuma ɗabi'un da muka gada daga zamanin kafireta: a cire tamostat wai ƙasarmu da zafi, a haɗa fanka kai tsaye, a ɗura ruwan rijiya a lagireto, a sare indomin salansa a sayar, fitilar gargaɗi ta kama a manna mata baƙin salatif. Tsohon inji yakan jure wannan cin kashi na wani lokaci. Sabon inji mai turbo ba ya jurewa.

Haka man fetur. Sabon inji yana fesa mai kai tsaye cikin silinda da matsin da ya ninka na iskar taya kusan sau 100, ta wasu 'yan ƙofofi sirara ƙwarai. Galan ɗaya na 'yan bumburutu mai ruwa ko datti ya isa ya kashe injekta da famfo. Masu ƙera manyan motocin gudu sun fi son a ba su mai mai lambar oktan 98, mu kuwa gidan mai iri ɗaya yake sayarwa, ka sha ko ka bari. Gaskiya ne sabon inji ya fi tsohon tattalin mai in aka auna da ƙarfin da yake bayarwa, amma dawaki 500 ba sa azumi. Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ba ta kai Naira 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Wanda ya sayi mota mai silinda 8 don ta yi araha a hannun dillali, yanzu ya gane dalilin arahar.

Kada kuma mai son tsohuwa ya yi dariya. Ana yawan kawo labarin Mercedes 190E 2.3-16, 'yar'uwar 190 ɗin da ta yi zamani a garuruwanmu. A Agustan 1983 aka sa guda 3 a filin gwaji na Nardo a Italiya, suka yi kilomita 50,000 cikin awa 201 da 'yan mintuna, matsakaicin gudunsu ya kusa 248. A 1984 wani matashi ɗan Brazil mai suna Ayrton Senna ya doke tsofaffin zakarun duniya da irinta a Nürburgring, daga nan sunansa ya ƙara fita. Duk gaskiya ne. Sai dai sabuwar mota ce ta yi wannan bajinta. Wadda za a nuna maka yau ta kai shekara 40, ta sha gishirin titunan Turai, ta sha ranar Kwatano, ta ratsa hannun mutum nawa. Robobinta sun bushe, tiyon birki ya tsattsage, wayoyi sun ƙone an ɗaure da salatif, ƙarƙashinta tsatsa ta ci an shafe da fenti. Ana cewa da tsohuwar zuma ake magani, amma zuma ba ta tsatsa. Masu kyan daga cikinsu kuwa sun zama kayan masu tara tarihi. M3 ta farko mai lafiya takan kai kuɗin sabuwa a kasuwannin gwanjo na Turai, wani lokaci ta wuce. Abin da ke isowa hannun saurayi da ɗan kuɗinsa, yawanci gangar jiki ce da tambari.

Ga nawa hukuncin. Tsohuwar motar gudu ba motar farko ba ce, ba kuma motar iyali ba ce. Wanda Allah ya hore wa ya ajiye ta a matsayin ta biyu, ya koyi gyara a kanta, ya zaga gari da ita ranar hutu, ban ga laifinsa ba, zan ma roƙe shi ɗani. Amma kada ya ɗora mata uwa da 'ya'ya ya hau hanyar Zariya. Sabuwar motar gudu kuma ta wanda zai iya ciyar da ita ce. Kafin ka tambayi kuɗinta, tambayi kuɗin tayoyinta 4, da fitilar gaba ɗaya, da sunan wanda zai gyara ta a garinku. In ka ji amsar gabanka ya faɗi, ba taka ba ce tukuna, kuma babu abin kunya a ciki. Abin da ya fi dacewa da mafi yawanku yana tsakiya: motar da aka ƙera daga wajajen 2010 zuwa sama, mai ABS da ESP da jakunkunan iska, inji mara turbo, cikinta da ɗan tsayi, kayanta a kasuwa. In kana son daɗin tuƙi, nemi mai giyar hannu mara nauyi. Za ka fi jin daɗin ƙaramar motar da kake iya murzawa yadda kake so a gudun 80, a kan dodon da kullum kake riƙe masa linzami.

Ranar saye kuma ka je da ido, kada ka je da zumuɗi. Da yawan motocin gudun da ake shigowa da su daga Amurka masu haɗari ne ko waɗanda ambaliya ta ci, inshora ta yi gwanjonsu, aka gyara fuska aka yi fenti. Ɗauki lambar jikin motar mai harafi da lamba 17, tana gindin gilashin gaba ta gefen direba, ka bincika tarihinta a intanet. Murɗa makulli ba tare da ka tayar da injin ba, ka zuba wa fitilar jakar iska ido: ya kamata ta kama na 'yan daƙiƙu sannan ta mutu. In ba ta kama ba sam, wataƙila an kashe ta ne don a ɓoye cewa jakar ta riga ta fashe, an cusa tsumma an manne. Durƙusa ka karanta gefen taya. Lambobi 4 na ƙarshe bayan DOT su ne mako da shekarar da aka yi ta, 2318 na nufin mako na 23 a 2018. Tayar da ta haura shekara 6 a wannan rana tamu, ko zanenta na nan, kada ka ba ta amanar ranka. Ka kuma tafi da bakanikenka, ba na dillali ba.

Bel ɗin nan mai ratsa ƙirji da ƙugu, injiniyan Volvo Nils Bohlin ne ya ƙirƙiro shi a 1959, kamfanin kuma ya bar wa kowa ya kwaikwaya kyauta. Shi kaɗai yana rage haɗarin mutuwar na kujerar gaba da kusan rabi, kuma jakar iska tare da shi aka tsara ta; in babu shi, ita kanta tana iya yi maka illa. Wannan dabarar ta zagaya shi ta bayan kujera a maƙala don ƙarar ta yi shiru, ku daina ta, ku kuma sa na baya su ɗaura.

Saura wasan mota na ranar biki. Na san daɗinsa, taya na kuka, ƙura ta tashi, abokai na ihu, waya na ɗauka. Waɗanda kuke kwaikwaya a bidiyo a killataccen fili suke yi, da hular kwano, da kejin ƙarfe a cikin motar, da motar asibiti a gefe. Ku kuwa a layin unguwa kuke yi, da motar aro, yara sun kewaye ku a ƙafa. Duk na'urorin da na lissafa na cikin mota suke karewa. Yaron da ke tsaye a bakin kwata ba shi da bel, ba shi da jakar iska. Don Allah, in an miƙa muku makulli ranar kai amarya, ku bi ayari a hankali. In abokai suka matsa sai sun ga gwanintarku, ku ce musu mai ya yi tsada.